Kujerar gaba ta goya yaro a keke: wacce zan ɗauka?

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa goya ƙaramin yaro a keke. Yarona wata 14 gare shi, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai, yana zama daram da kansa, har ya fara takawa. So nake in riƙa kai shi gidan raino a keke, tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Hankalina ya fi kwanciya da kujerar gaba, wadda ake ɗaurawa tsakanin mai tuƙi da kan keke, don ina ganinsa. To da na shiga dubawa sai kaina ya ɗaure: ga Thule Yepp Mini, ga Bobike, ga Hamax, ga Polisport, ga iBert, ga WeeRide, kowacce da tata siffar. Wacce ta fi? Maigidan kuma ya kafe a kan ta baya ta fi aminci. Don Allah a taimaka.

Mai Gyaran Keke: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ajiye sunayen kamfani tukuna. Wane irin keke gare ki? Kansa miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe irin na tsere? In kin hau, a miƙe kike zama ko a duƙe? Sannan ki duba wuyansa, ƙarfen nan da ya haɗa kan keke da fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ki faɗa mini yadda aka ɗaure shi. Keken ne ke zaɓar kujera. Na sha ganin an kawo mini kujera sabuwa dal a kwali, mai kyan gaske, amma babu inda za ta kama a jikin keken mai ita.

Maman Auta: Malam, keken yawo ne na cikin gari, ba shi da sandar tsakiya, a miƙe nake zama. Wuyan kuma wani siririn ƙarfe ne dogo da ya shige cikin firam, da noti ɗaya a samansa.

Mai Gyaran Keke: Madalla, kin yi sa'a. Wuyan keke iri biyu ne. Akwai irin naki, na dā, wanda ke zurawa cikin bututun fok a ɗaure shi da noti ɗaya daga sama. Kaurinsa yawanci milimita 22.2 ne ko 25.4. Shi ne mafi yawan kujerun gaba suka fi so, don akwai fili a jikinsa inda maƙalin kujerar zai kama. Akwai kuma na zamani, wanda ke rungume bututun fok ta waje da notuna biyu a gefe, a ƙarƙashinsa akwai 'yan zobba. Wannan bututun nasa galibi milimita 28.6 ne, kuma sai an cire wasu zobban an sa maƙalin a gurbinsu. In zobban ba su da yawa, babu wurin sawa. Wasu kamfanonin ma daban suke sayar da maƙalin irin wannan wuyan, sai mutum ya buɗe kwali ya ga ba shi a ciki.

Ki samo magwaji ki auna abu biyu: kaurin wuyan, da tsawon filin da ke tsakanin inda ya fito daga firam zuwa inda ya lanƙwasa. Ki kwatanta da abin da takardar kujerar ta ce. Gargaɗi ɗaya: akwai wani layi da aka zana a jikin wuyan, alamar iyakar inda za a iya zaro shi. Kar wani ya zaro miki shi ya wuce layin don a samu fili. Ranar da ya karye, kai da kujera da yaro ne za su tafi tare.

Baban 'Yan Biyu: Ni dai ina bayan maigidanki, Maman Auta. Ta baya na yi amfani da ita, kuma dalilina biyu. Na farko, ta gaba ba ta daɗewa. Kilo 15 ne iyakarta, ta baya kuwa har kilo 22, yaro zai kai shekara biyar yana hawa. Me zai sa ki saya sau biyu? Na biyu, in aka yi karo ta gaba ko kika kama birki da ƙarfi, wa ke gaba? Yaron. Ke kuma da duk nauyinki kina bayansa. Ni wannan kaɗai ya ishe ni.

Uwar Uku: Baban 'Yan Biyu, maganarka ta farko gaskiya ce, ta biyun kuma da gyara. Na yi amfani da duka biyun. Abin da ya fi samun iyaye da yara a keke ba karo ba ne, kifewa ce ta gefe, a tsaye ko ana tafiya a hankali, musamman wajen ɗora yaro da sauke shi. A nan ta gaba ta fi mini. Yaron yana tsakanin hannuwana, nauyinsa yana tsakanin tayoyin biyu. Ta baya kuwa nauyin yana can sama, a kan tayar baya ko ma bayanta, sai ki ji keken yana wutsil-wutsil in yaron ya juya, in kina tura shi a ƙafa ki hau ɗan tudu har gaban yakan so ɗagawa. Ga shi ba kya ganin me yake yi. Nawa ya taɓa zare hannu ɗaya daga madauri a baya, sai da wani mai wucewa ya yi mini magana.

Baban 'Yan Biyu: Hajiya, kifewa a tsaye ƙujewa ce da kuka. Karo kuwa asibiti ne. Ba yawan faruwa kaɗai ake dubawa ba, har da muni.

Uwar Uku: Haka ne. Amma karon da zai jefa ni kan yaro a gaba, kana ganin na baya zai tsira lafiya? Ni ban ce ta gaba ba ta da haɗari ba. Cewa na yi kowacce da nata, kuma gudun da ake yi da yaro ɗan shekara ɗaya a keke bai kamata ya kai na irin wannan karon ba tun farko.

Anti Nas: Bari in sa baki ta ɓangaren jikin yaro, tunda nan ne aikina. Maman Auta, wata 14 da kilo 10, yana zama da kansa, ya isa. Ƙa'idar Turai ta kujerun yara a keke, EN 14344, ta fara ne daga kilo 9, wato wajen wata tara, da sharaɗin yaron yana iya zama ba tare da an tallafe shi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fi tsanantawa, ta ce kar a goya yaron da bai cika wata 12 ba. Ni ra'ayin Amurkawan na fi bi, saboda wuya. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, ga hular kwano an ƙara masa, ga girgizar hanya. Sai wuyan ya yi ƙwari.

Kan maganar daɗewa kuma, a jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro namiji yana da kilo 9.6 a wata 12, kilo 12.2 a shekara biyu, kilo 14.3 a shekara uku. Mata sun ɗan yi ƙasa kaɗan. To a takarda ta gaba za ta kai ki wajen shekara uku. A zahiri tsawo ne ke fara korar yaro kafin nauyi: hularsa ta fara bugun haɓarki, ko ta tare miki hanya, ko gwiwoyinsa su tokare kan keke. Ki sa a ranki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu za ki more ta.

Ɗan Hawan Dutse: Ni fa duk waɗannan manyan kujerun roba ban ga amfaninsu ba. Ki nemi Mac Ride ko Kids Ride Shotgun. Ɗan sirdi ne kawai da wurin ɗora ƙafa, yaro ya riƙe kan keke tare da ke, yana koyon yadda ake karkata a kwana. Babu nauyi, ba ya tare gwiwa. 'Yata ba ta yarda ta sauka.

Anti Nas: Shekarar 'yarka nawa, ƙanina?

Ɗan Hawan Dutse: Uku da rabi.

Anti Nas: To ka gani. Su kansu masu yin waɗannan sirdunan sun rubuta daga wajen shekara 2 zuwa 5. Babu madauri, babu majinginar baya. An yi su ne don yaron da zai riƙe da kansa, ya ji magana in an ce riƙe, kuma ba zai yi barci ba. Ɗan wata 14 yana ganin kyanwa zai saki hannu ya nuna ta. Don Allah kar a rikita ta.

Ɗan Hawan Dutse: Ban lura da watannin ba. To ta ajiye shi a rai sai ya girma. Mac Ride har kilo 27 yake ɗauka, ya wuce kujerar baya ma.

Malam Mai Bincike: Ƙari a kan abin da Anti ta faɗa. Ita ƙa'idar EN 14344 ta kasa kujerun gida uku, kuma ana rubuta alamar a jikin kujera ko a takardarta. A15 da A22 na baya ne, masu ɗaukar har kilo 15 da kilo 22. C15 ita ce ta gaba, tsakanin kan keke da mai tuƙi, kilo 9 zuwa 15. In kin juya kujera kin ga EN 14344 da C15, an gwada ta a kan abin da aka ce za ta yi. Amurka tana da tata ƙa'idar, ASTM F1625, sai dai ta kujerun baya ce. Shi ya sa kar ki yi mamaki in kin ga kujerar gaba ba ta ɗauke da wannan lambar.

Dokoki ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya duba ta inda yake. A Jamus mai goyon sai ya kai shekara 16, yaron bai cika bakwai ba, a kujera ta musamman, kuma dole a kare ƙafafunsa daga shiga taya. A Holan yaron da bai kai shekara takwas ba sai an tanadar masa wurin zama mai tallafar baya da hannu da ƙafa. A Japan tun 2009 aka yarda a ɗauki yara biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, amma a kan keken da aka ƙera don haka.

Baban 'Yan Biyu: Ka ga Jamusawa ma ƙafa suka kama. Wannan kam mun haɗu a kai.

Mai Gyaran Keke: Ƙafa ita ce. Sifok, wayoyin nan na cikin taya, in suka kama diddigen yaro ba ƙaramin rauni suke yi ba. A kujerar gaba ƙafar tana rataye ne kusa da tayar gaba, kuma in ta shiga ba yaron kaɗai ba, tayar ce za ta cije nan take, keken ya wuntsila. Don haka kujerar da ba ta da matakin ƙafa mai bango da madauri, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. Matakin ya zama mai hawa da sauka, don ƙafar yaro tsawo take yi kullum. Igiyar takalmi, bakin zani, jelar gyale, duk a tattare su.

Maman Auta: Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Na auna, wuyan milimita 22.2 ne, filin kuma ya kusa santimita biyar. To tsakanin masu kama wuya da irin WeeRide mai dogon ƙarfe fa? Na ga kamar ita ta fi zama a tsakiya.

Uwar Uku: Ta fi zama a tsakiya, shi ne kyanta, shi ne kuma matsalarta. Ƙarfenta yana tashi ne daga gaban firam zuwa ƙarfen sirdi, kujerar ta hau kai. Ba ta juyawa tare da kan keke, don haka tuƙi bai yin nauyi, ga ɗan teburi mai laushi a gaba inda yaro zai kwantar da kai. Amma tana cin wurin gwiwa. Da yawa sai sun buɗe ƙafa suke taka feda, in tafiyar ta yi nisa gwiwa ta gaya maka. Kuma ke da kika ce kekenki ba shi da sandar tsakiya, kin ga kin sa masa sanda ke nan, sauƙin hawa da sauka da kike da shi ya tafi.

Mai Gyaran Keke: Hajiya Uwar Uku ta gama magana. Masu kama wuya, irin su Yepp Mini da Bobike One Mini, suna juyawa tare da kai. Za ki ji kan ya yi nauyi, musamman a tafiyar hankali, amma hannu yana sabawa. Keke irin naki kusan don shi aka yi su, asalinsu ma daga Holan ne, inda keken zama a miƙe ya fi yawa. iBert kuma tata dabarar daban: yaron yana zama can gaba, ƙafafunsa sun miƙe ta ƙarƙashin kan keke, sai gwiwar mai tuƙi ta samu wuri. Shi ya sa masu gajeren firam suke sonta. Sai dai bayanta gajere ne, kuma in an cire kujerar ƙarfen da take hawa kai yana nan a miƙe yana kallon mai tuƙi. Duk wanda zai hau ba kujera, ya kwance shi.

Da santimita biyar ɗin nan mafi yawan maƙalai za su shiga. Abin da ya rage shi ne tazarar sirdi zuwa kai. Wannan ba a gane shi a hoto. In da hali, a ɗaura miki kujerar kafin ki biya, ki hau, ki yi gwaji uku: ki taka feda ki ji ko gwiwa na bugu, ki sauko daga sirdi ki tsaya da ƙafa biyu a ƙasa ki ga ko akwai wurin tsayawa tsakanin sirdi da bayan kujera, sannan ki juya kai dama da hagu har ƙarshe ki ga ko matakin ƙafa yana dukan firam ko yana jan wayar birki. Na biyun shi ne mutane ke mantawa. In babu wurin tsayawa, sai a ɗan sauke sirdi yadda ƙafarki za ta taɓa ƙasa kina zaune.

Ƙanwar Maman Biyu: Afuwan zan ɗan shigo da tawa. Keken mijina na tsere ne, mai lanƙwasasshen kai, firam ɗin na kabon, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba. Yana ta cewa shi ma zai sa.

Mai Gyaran Keke: Ki ce masa a'a, in ji ni. A duƙe ake tuƙa shi, ƙirjinsa zai kwanta a kan yaron. Kabon kuma ba ya son a matse shi da maƙali, yana tsagewa ta ciki ba a gani. Ya nemi wani keken, ko ya nemi 'yar tirelar nan da ake ja a baya.

Kakan Zaure: Ku yaran zamani da shagali kuke. Mu a kan sanda aka goya mu, aka naɗa tsumma, ga mu nan da ranmu.

Anti Nas: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Waɗanda suka ji ciwo a lokacin ba sa cikin zauren nan ne kawai da za su ba da nasu labarin. Ni nake wanke irin waɗannan ƙafafun.

Kakan Zaure: To 'yata, na ji. Amma ku gaya mini, hular kwanon nan a kan ɗan mitsitsin yaro, ba wahalar da shi ba ce? Na ga hotunan Holan ɗin da kuke ta ambato, uwa da yara biyu a keke, babu mai hula ko ɗaya.

Malam Mai Bincike: Gaskiya ne Baba, a Holan ba dole ba ce, kuma da yawa ba sa sawa. Amma su sun shafe shekaru tun daga wajen 1970 suna gina wa keke hanyarsa daban da ta mota. Wanda ba shi da irin hanyarsu bai kamata ya ari rashin hularsu ba. Wasu ƙasashen kuma akasin haka suka yi: Ostireliya ta wajabta hula a farkon shekarun 1990, Niyu Zilan a 1994.

Anti Nas: Kuma ko babu mota ko ɗaya, kan yaron da ke kujerar gaba ya kai mita ɗaya ko fiye daga ƙasa, kuma a ɗaure yake, ba zai iya kare kansa da hannu ba. Hula dole. Ki auna kewayen kansa da magwajin tela, sama da gira kaɗan, ki sayi daidai shi, kar ki sayi babba wai ya girma a ciki. Ki duba alamar ƙa'idar ingancin hula, EN 1078 ko EN 1080 ko CPSC, a cikinta. Ta zauna a daidaice, yatsa biyu tsakanin gira da bakin hula, yatsa ɗaya tsakanin haɓa da madauri. Ki nemi mai shafaffen baya, don mai tsini a ƙeya tana tokarar majingina ta tura kan yaro gaba. In kun isa wurin wasa kuma a cire ta, madaurin yana iya maƙalewa a lilo ko abin hawa ya shaƙe yaro.

Uwar Uku: Tunda an zo kan kai, a yi maganar barci, don shi ne babban aibin kujerar gaba kuma ba a faɗarsa a talla. Keke yana sa yara barci. Ta baya wasu ana iya kwantar da su kaɗan, ta gaba ba a iyawa, don ke ce a bayanta. Sai kan yaron ya riƙa langaɓewa, ya faɗo kan hannunki, kina tuƙi kina tallafe. Ki nemi wadda take da ɗan matashi a gaba ko ake iya saya mata. Madauri kuma ni mai kama wuri biyar na fi so, kafaɗa biyu, ƙugu biyu, da tsakanin cinya, ya fi riƙe yaro mai barci ko mai mutsu-mutsu. In mai uku ce, ki tabbata ba ya zamewa daga kafaɗa. Maɓallin ya zama wanda ke za ki iya buɗewa da sauri amma shi ba zai iya ba.

Baban 'Yan Biyu: Kun ga dai kuna ta lissafo mini dalilaina da bakinku. Barci, gwiwa, nauyin kai, ga iska da ƙura duk shi ke fara sha.

Uwar Uku: Akwai gilashin roba da ake sa wa a gaba don iska. Amma Alhaji, ka taɓa jin ɗanka yana nuna maka abu yana ƙoƙarin kiran sunansa, kai kana amsa masa a kunne, kuna tafe? A baya abin da yake kallo bayanka ne kawai.

Baban 'Yan Biyu: Nawa su biyu ne, surutunsu ya ishe ni a gida.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a ci gaba da raha, amma a tuna tambayar Maman Auta ake amsawa. Ita ta ce ta gaba take so, a taimaka mata a kan haka.

Mai Gyaran Keke: To bari in ƙara abin da ba a jikin kujera yake ba. Jak, ƙafar da ake kafe keke da ita in an ajiye shi. In kekenki mai ƙafa ɗaya ne a gefe, canza shi da mai ƙafa biyu na tsakiya. Da zarar an sa nauyi a wuya, kan keke yakan juya da kansa ya ja keken ƙasa. Akwai ɗan sifirin da ake ɗaurawa tsakanin fok da firam yana hana kai juyawa gaba ɗaya, ki sa a saka miki. Duk da haka jak ba mai raino ba ne. Yaro yana kan kujera, hannunki yana kan keke, ko ƙofa za ki rufe sai ki sauke shi. Kaya ake fara ɗorawa, yaro a ƙarshe. In an isa, yaro ake fara saukewa.

Birki kuma a duba shi gaba da baya kafin ranar farko, don kin ƙara kilo goma sha wani abu. Notunan maƙali a ɗaure su daidai yadda takarda ta ce, a sake dubawa bayan 'yan kwanaki, don sukan saki. In an zura kujerar a maƙali, ki ji ta yi ƙas, ki ja ta sama da ƙarfi ki tabbata ta kulle.

Ɗan Hawan Dutse: Kafin ki ɗora shi, ki ɗaure jarkar ruwa ta lita 10 a kujerar, kilo 10 ke nan, ki zagaya inda babu motoci. Ki gwada tashi, tsayawa, kwana, da kama birki da ƙarfi. Ruwan ma yana motsi, kin ga ya ɗan yi miki irin na yaron.

Uwar Uku: Ki kuma shirya wa 'yan yatsu. Duk abin da ke kan keke nasa ne: ƙararrawa, giya, hannun birki. Ki duba ko yatsansa zai iya shiga inda birki ke matsewa. Masu keken lantarki su kula da maɓallan, kar yaro ya ƙara musu gudu. Ni wani ɗan abin wasa na ɗaure masa da gajeriyar igiya a jikin kujera, ya samu abin yi. Gajeriya fa, wadda ba za ta kai taya ba.

Maman Auta: Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigidan duk bayanan nan, ya ce ya yarda da ta gaba zuwa lokacin da yaron zai cika ta, daga nan a koma ta baya, Baban 'Yan Biyu ka ji an raba muku gardama. Sauran tambaya ɗaya. Wata maƙwabciyata tana da Bobike da 'yarta ta girme ta, ta ce in zo in ɗauka. In karɓa, ko in sayi sabuwa?

Anti Nas: Ki tambaye ta tsakani da Allah ko keken ya taɓa faɗuwa da ita da ƙarfi. Hula kuwa kar ki karɓi tsohuwa, sabuwa za ki saya.

Mai Gyaran Keke: Karɓo ta ki duba. Ki kai ta cikin haske ki bi jikinta da ido da hannu, musamman inda take haɗuwa da maƙali da inda madauri ke shiga. Tsaga ko wani farin layi a jikin robar alamar ta gaji ne. In launinta ya koɗe ƙwarai, rana ta ci ta, irin wannan robar karyewa take yi ba lanƙwasa ba. Madauri kar ya zama ya fara zarewa, maɓalli ya kulle ya buɗe ba gardama, madaurin ƙafa duka biyu su kasance suna nan. Ki tabbata ta haɗo miki da maƙalin da notunansa na asali, don shi ne aka fi mantawa a jikin tsohon keke, kuma kar a ce za a haɗa miki wani a wurin mai walda. In babu takardarta, ki duba sunan samfurin a jikinta ki nemo bayanin ɗaurawa a shafin kamfanin. Ki tambaye ta kuma wane irin wuya kekenta yake da shi. In irin na zamani ne mai zobba, maƙalinta ba lallai ya kama naki ba, sai kin nemi na milimita 22.2.